Ban da Gishiri

Innarmu ta yi wa rabin matan ƙauyenmu wankan jego, wanda mu muke ce wa wankan biƙi, kuma ba ta bari kowa ya manta da haka. Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibiya. Aikinta yana farawa ne bayan mace ta sauka. Ita ke tsayawa kan tukunya har ruwa ya tafasa, ta tsoma ganyen bedi, wato darbejiya, ta riƙa fyaɗa wa mai jego a baya da ciki, sannan ta dama mata kunun kanwa mai kauri ta tsare ta sai ta shanye. Idan mace ta yi arba'in ta fito da kumatu, fatarta tana sheƙi, sai ka ji mata a bakin rijiya suna cewa aikin Inna ne. Ni ce babbar ƴarta, kuma ba mu cika jituwa ba, don halinmu ɗaya: daga ni har ita ba mai son a gaya masa.

Autarmu ita ce ƴar lele. Da ta samu cikin fari mijinta yana can bakin teku wurin biɗa, wato ci-rani, sai aka dawo da ita gida, ƙauyenmu da ke kusa da Babankatami, don ta haihu a gaban Inna. Ta sauka lafiya, aka samu ɗiya mace. Ni ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Madawa, don haka ranar suna na je na ci tuwo na yi guɗa, washegari na koma bakin aiki.

Bayan ƴan makonni na sake zuwa. Tun daga ƙofar gida Inna ta tare ni da fara'a, abin da ba ta saba ba.

"Taho ki ga ƙanwarki," in ji ta. "Biƙi ya karɓe ta. Ku da kunka haihu birni kuna shan ruwan shayin lipti, zo ki ga yadda aka yin abu."

Na sami ƙanwata zaune a tabarma ta jingina da bango. Fuska ta cika, hannuwa sun cika, ƙafafu ba a ganin idon sawu. Na ce mata wannan ƙiba sai an faɗaɗa ƙofar ɗaki kafin mijinta ya dawo. Ta fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ya lafa ta yi magana, amma ba ta iya kai magana ƙarshe sai ta huta a tsakiya.

"Yaya," ta ce, "ban iya kwanciya. In na kwanta, awa an aza mani dutsi bisa ƙirji. Zaune nika kwana."

Na kama ƙwaurinta da wasa na danna da babban yatsa. Yatsan ya nutse. Da na ɗaga, ramin ya tsaya yadda yake, bai ciko ba. Na tsura masa ido ina jira, bai ciko ba. Na taɓa ganin irin wannan ramin a ƙafar wata maƙwabciyata a Madawa, ita ma da ɗanyen goyo, kuma ba ta ga yaye ba.

Na kira Inna na nuna mata. Ta duƙa ta duba, ta danna da nata yatsan, ta miƙe.

"Sanyi na," ta ce. "Sanyi ya shige ta. Sai a ƙara mata wuta."

A wurin Inna, da duk matan da suka rene ta, babban abokin gabar mai jego shi ne sanyi. Mace ta haihu jikinta a buɗe yake, sanyi yana shiga ya kwanta a ciki ya zama kumburi, kuma ba abin da ke korar sa sai ruwan zafi daga waje da kanwa daga ciki. Na ce likita za mu. Ta ce ita ta yi wa mata biƙi tun ban san hannuna na dama ba. Na ce to wannan ba sauran mata ba ce, ƙanwata ce. Ta ce ita kuma a kasuwa ta sayo ta? Muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. A ƙarshe tarin ƙanwata ne ya raba mu, don ya sake taso mata har idanunta suka yi ja, Inna ta ɗauko mayafinta muka kama hanya.

Majo, babban ma'aikacin jinya na ƙaramin asibitin Babankatami, ya ɗora abin sauraro a bayan ƙanwata, ya saurara, ya matsa ƙasa ya sake saurarawa. Mutum ne mai barkwanci, amma ranar bai yi ba. Ya ce mu wuce Madawa, kuma yau, ba gobe ba.

A babban asibiti wani likita matashi ya duba ta, layin mutane yana jiran sa har bakin baranda. Ya ce zuciyarta ce ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a ƙafa da huhu. Ya sa aka yi mata allurar da ke sa fitsari, ya ba da ƙwayoyi. Da ya ga tabon ƙuna a bayanta ya ce a dakatar da wankan ruwan zafi. Sannan ya juya ga Inna, ya ɗaga yatsa.

"Inna, ban da gishiri. Ko ƙwara. Ban da dunƙulen miya. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ita kuwa ruwa ne ke neman kashe ta."

Na tambaye shi da Faransanci me ke kawo wannan ciwo. Ya ce akwai wasu likitoci daga Yamai da ke bincike a kansa, don yana yawan kama mata bayan haihuwa a ƙasarmu, suna zagayowa lokaci-lokaci da na'urar da ke nuna zuciya, idan sun zo mu kawo ta. Na ce ba wannan na tambaya ba, me ke kawo shi? Ya ce abin da suke nema ke nan. Ni a sanina bincike aikin masu ciwon da ba a taɓa gani ba ne, ba na yarinyar da ta haihu lafiya ta ci naman suna ba.

Cikin ƴan kwanaki kumburin ya sauka, ta fara iya kwanciya da matashi biyu, aka sallame mu. Na so ta zauna wurina. Inna ta ce ba a taɓa yin biƙi a gidan haya ba, kuma ita ta ji abin da likita ya ce da kunnenta, ba sai an fassara mata ba. Na yarda, don na san Inna: in ta ƙi abu ta ƙi, in kuma ta kama, ko ita ta ƙirƙiro shi sai haka.

Haka kuwa aka yi. Ta tattara duk gishirin gidan ta kai wa maƙwabciya. Kowa a gidan ya koma cin tuwo da miya lami, har baƙo. Idan dangin miji suka aiko da kwanon abinci, a zaure take tare shi, ta lakata ta ɗanɗana, ta mayar da shi da ɗan aiken. Uwar mijin ta yi fushi, Inna ko a jikinta. Naman da ake gasa wa mai jego ma da kanta take tsayawa kan mahauci, kada ya barbaɗa komai. Duk lokacin da na buga waya, kafin in gama gaisuwa take cewa, "Ko ƙwara." Har na fara jin kunyar faɗan da na yi mata.

Wata safiya ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Lambar maƙwabcinmu ce, amma muryar Inna ce, ita da ba ta taɓa kira na da kanta ba.

"Ki taho," ta ce. Sai ta kashe.

Ban tuna yadda na bar yaran ba. Na san dai na tsinci kaina a tasha da alli a hannu.

Na sami ƙanwata a tsakar gida, zaune, ta rungume turmi ta kifa kanta a kai, don haka kaɗai take iya shaƙar iska. Cikinta ya tashi kamar ba ta haihu ba. Leɓenta ya yi toka-toka. Idan ta yi tari wani abu mai kumfa yake fitowa. Jaririyar tana hannun maƙwabciya tana tsala kuka, ba wanda ya kula. Tsoro ya kama ni, kuma ni idan na tsorata faɗa nake yi. Na juya kan Inna.

"Kin ba ta gishiri!"

"Ban ba ta ba."

"Kin ba ta! Ko kin ji tausai kin ɗan sa mata ga miya!"

Inna ta dube ni, idanunta a bushe. "In na ba yarinyag ga gishiri, Allah shi hana mani ganin Annabi."

Inna ba ta wasa da wannan rantsuwar. Kuma da na yarda da ita sai tsorona ya ninku, domin idan an bi duk abin da likita ya ce kuma ga inda aka kwana, to ba sauran abin da za a kama.

Hanyarmu duk duwatsu ce da kwazazzabai. Muka sa ta a tsakiya a bayan mota, ni na riƙe kafaɗa ɗaya, Inna ɗaya. Duk ramin da mota ta faɗa sai numfashinta ya ɗauke, in zuba mata ido har ya dawo. Na yi wa direban masifa ya yi sauri, da ya yi sauri na yi masa masifa ya yi a hankali. Wajen rabin hanya ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Yaya, ɗiyar nan, ke za ki riƙe ta. Kak ki bari a kai ta..."

"Rufe mani baki," na ce. "Ɗiyarki ke za ki riƙe abinki, ni nawa sun ishe ni."

Na faɗi haka da ƙarfi, na ƙara riƙe kafaɗarta.

A asibiti suka sa mata robar iska a hanci, suka yi ta allura. Ta kwana tsakanin rai da mutuwa, da safe ta buɗe ido ta nemi ruwa. Allah ya sa a makon ne masu binciken za su iso.

Ranar da suka zo aka tura ta a keken marasa lafiya zuwa wani ɗaki a ƙarshen baranda. Abin da na gani a barandar ya fi komai tayar mani da hankali. Mata ne zaune a jere, daga Keita, daga Buza, daga ƙauyukan Azarori, kowace da jariri a cinya ko a hannun uwarta, kowace da ƙafa a kumbure, yawancinsu ba su kai ƙanwata shekaru ba. Ba mai hira. Numfashi kawai kake ji. Ashe abin ya daɗe yana cin mata, kowane gida yana binne tasa yana cewa ajali, ba wanda ya san na gaba da shi ma haka.

Babbar masu binciken mace ce, mai ɗan jiki, da tabarau, tana Hausa irin ta gabas. Ba ta yi gaggawa ba. Ta gaishe da Inna har da tambayar gajiya, sannan ta yi wa ƙanwata bayani: suna neman sanin abin da ke raunana zuciyar mata bayan haihuwa, za su duba zuciyarta, kuma idan ta yarda za su ɗebi jini kaɗan su tafi da shi, su riƙa duba ta duk zuwansu. Idan ba ta yarda ba, magani dai za a ba ta kamar kowa.

"Jinin da ba ta da shi za ku ɗiba?" in ji Inna.

"Bai kai cokali biyu ba, Inna. Amma ita za ta ce."

Ƙanwata ta miƙa hannu.

Aka kwantar da ita a gefe, aka shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji, likitar ta ɗora kan na'urar. Na taɓa ganin eko, hoton ciki, lokacin da nake da ciki, inda ake nuna maka ɗanka kana murna. Wannan ma haka yake, baƙi da fari, amma ba wanda ya yi murmushi. Likitar ta nuna mani da yatsa ta ce zuciya ke nan, kamata ya yi ta matse da ƙarfi ta saki. Ta ƙanwata ta buɗe ta yi faɗi kamar salkar da aka cika ta wuce misali, gefunanta suna ɗan motsi kawai. Na kalli abin, na kalli yarinyar da na goya a bayana, na ji kamar in fita da gudu.

Likitar tana goge mata ƙirji tana tambayoyi. Haihuwa ta nawa, yaushe kumburin ya fara, ko akwai wadda ta taɓa yin irinsa a dangi. Inna tana amsawa a taƙaice, fuska a ɗaure. Sai likitar ta ce, "Kunun kanwa fa, Inna, tana sha?"

Fuskar Inna ta saki. A duk asibitin nan sai yanzu ta samu wadda ta san abin da ake yi wa mai jego.

"Awo, ɗiyata! Sahe da marece. Da anka hana ta ruwan zahi ma sai niƙ ƙara mata, har da rana, tunda ba abin da ya rage mai korar sanyi sai ita. Ga abinci lami, ba ta iya ci, kunun ɗai ka shiga. Kuma kanwar ungurnu nika sa mata, mai kyau, ba irin wadda aka ba bisashe ba."

Likitar ta ajiye tsumman da ke hannunta. Ta jawo kujera ta zauna daidai gaban Inna.

"Inna, kanwa da gishiri uwa ɗaya uba ɗaya ne. Abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, yana nan cikin kanwa, da yawa."

"A'a," in ji Inna, har da ɗan murmushi, kamar mai gyara wa yaro. "Kanwa ba gishiri ba ta. Gishiri abinci na, kanwa magani ta."

"A baki haka ne. Idan sun shiga jini, jiki ba ya bambanta su."

Na ga ƙwaryar kunun nan a gefen ƙanwata duk zuwan da na yi, har kurɓa na yi na yaba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara, ban taɓa haɗa su biyun a raina ba. A gidajenmu ba a ajiye su wuri ɗaya. Gishiri na miya ne, kanwa ta kunu ce da dahuwar wake da ciwon ciki. Likitan farko ya faɗi kalma ɗaya, Inna ta riƙe ta da hannu biyu, ta yi yaƙi da dangin miji a kanta, ta hana gida guda jin daɗin tuwo, kuma duk lokacin nan tana ɗura wa ɗiyarta abin da ake gudu, da ludayi, tana lallashi.

Murmushin ya bar fuskar Inna a hankali.

"Kenan ni nij ja mata wanga ciwo?"

Na so likitar ta ce a'a, don Inna ta samu ta miƙe. Wani ɓangare na zuciyata kuma ya so ta ce e, don a samu abin da za a nuna da yatsa a ce shi ne, a daina shi, a huta.

"Ban sani ba, Inna," ta ce. "Da na sani da ban baro gidana ina yawo da na'ura ba. Akwai matan da ba su taɓa ganin kanwa ba, a ƙasashen da ba a san ta ba, kuma ciwon yana kama su. Akwai waɗanda suka sha ta a kowace haihuwa har suka tsufa lafiya. Muna zargin hawan jini, muna zargin gado, muna zargin wani abu da ƙasar noma ta rasa har hatsi ya rasa shi. Abin da zan iya gaya miki shi ne, zuciyar da ta riga ta gaji, kanwa tana ƙara mata kaya."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To Madam, mi kunka sani?"

Ba ta ji haushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi. Ta ce sun san yadda ake rage ruwan, sun san ƙwayoyin da ke sauƙaƙa wa zuciya aiki. Sun san wasu matan suna warkewa sarai, wasu rabi, wasu ba sa tashi. Abin da ba su sani ba shi ne wace ce wace tun daga farko, shi ya sa suke ɗibar jini.

Da na juya Inna ba ta ɗakin. Na same ta a gindin wata bishiya a tsakar asibiti, zaune a ƙasa, ba tabarma. Na zo da maganganu cike da baki. Kafin in fara na ji tana magana, ba da ni ba.

"Matar maƙeri. Ɗiyar liman ta biyu. Wagga da anka auro daga Keita, mai wushirya." Ta ɗago ta dube ni. "Dut sun kumbura. Dut na ce sanyi na. Dut na ƙara musu."

Na ce ai likita ta ce ba a sani ba. Ta ce ta ji. Na zauna kusa da ita a ƙasan, maganganun da na zo da su suka bi iska.

Wannan karon wurina ƙanwata ta zauna, Inna ba ta yi musu ba. Ruwan ya tafi, sai ga ainihin jikin ya fito, ƙashi da fata. A hankali ta fara zagaya tsakar gida, ta fara goya ɗiyarta, ta fara tsokanata cewa miyata ko da gishiri ba ta da daɗi balle babu. Duk zuwan masu binciken muna kan layi. Zuciyar ta ɗan tattaru, tana matsewa fiye da da, amma ba ta koma yadda Allah ya yi ta ba. Ni kuwa tsoron bai sake ni ba. Idan ta yi tari a ɗaki ina madafa, sai na saki abin da ke hannuna. Idan tana zaune sai in bi ta gefenta in danna ƙwaurinta kamar da wasa, har ta fara dukan hannuna.

Da mijinta ya dawo daga biɗa likitar ta sa aka kira shi. Ta gaya musu su biyun, a gabana, ba ɓoye-ɓoye, cewa wani ciki zai iya tafiya da ita, don zuciyar ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar mutum biyu. Mutumin kirki ne. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ranta yake so, a yi mata allurar hutun haihuwa. Aka yi. Daga baya ta koma ɗakinta da ƙwayoyinta a ƙullin leda. Inna kuwa ta bar wankan biƙi. Duk wadda ta aiko, sai ta ce bayanta ke ciwo.

Aka yaye ɗiyar, ta yi wayo, tana gudu. Ƙanwata ta murje, tana daka, tana zuwa rijiya, wanda bai sani ba ba zai ce ta taɓa kwanciya ba. Har na fara barci mai nauyi.

A ranin da ya wuce ta zo Madawa don awon da ta saba. Muna zaune muna tsinkar zogale ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, na bar allurar."

Na ce wace allura.

"Na warke, Yaya. Ina daka, ina ɗaukar tulu. Ɗiya guda za ni zama da ita, kowa na kallona? Maigidana bai sani ba sai da abin ya zama."

Na dubi cikinta. Bai fito ba tukuna, amma yadda ta ɗora hannu a kai ya ishe ni. Abin da na gaya mata ranar ba zan rubuta shi ba. Na yi ihu har ƴaƴana suka fice waje, na kira ta marar hankali, na tuna mata turmin da ta rungume, na tuna mata motar nan. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Kin ƙare? To raka ni wurin likita, tsoro nika ji." Nan na fashe da kuka.

Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta cire tabarau ta murza idanu. Ta canja mata wasu ƙwayoyin da ke iya taɓa ɗan ciki, ta ce ta dawo kusa da asibiti da zama tun yanzu, kuma idan lokaci ya yi a Tawa za ta haihu, inda akwai kayan aiki. Ban tambaye ta ko za ta tashi ba. Na riga na san irin amsarta.

Yanzu tana ɗakina, cikin ya tsufa, ƙafafun sun fara ɗan cika da yamma. Mijinta bai tafi biɗa ba bana.

Kwanan baya na je ƙauye don in shirya da Inna yadda za a yi bayan haihuwa. Na same ta tana sussukar gero, ta rame, ta rage faɗa, abin da ban taɓa zaton zan yi kewarsa ba. Na ce idan an sallamo su daga Tawa, ko dai ta zo wurina ta zauna, ko a kawo mata ita gida ta yi arba'in, tunda yanzu kowa ya san abin da za a kiyaye.

Ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Can ta ajiye taɓarya.

"In Allah ya sauke ta lahiya, kak ku kawo mani ita. Ni ma ba ni zuwa."

"Inna, ke ce uwarta. Ke take tambaya kullum."

"Don hakanan na." Ta share hannunta a zane. "Ni abin da anka koya mani shi ɗai nis sani. In na gan ta kwance tana rawar ɗari, nono bai zo ba, tana kallona, ban san abin da za ni yi ba. Na san likita ta hana. Amma ban yarda da kaina ba."

Na ce zan kasance a wurin, ba zan bar ta ita kaɗai da ita ba. Ta girgiza kai, ta ɗauki taɓaryar.

"Ki riƙe ta can," ta ce. "In ta tambaye ni, ki ce ina gaishe ta."